Kafin Mu Sake Kwamfutocin Makarantarmu: Waiwaye Adon Tafiya



Duk wanda ya halarci taron ƙungiya na watan jiya ya ga yadda aka kusa tashi baram-baram a kan maganar kwamfutocin makarantarmu ta firamare da ke nan Ijora. Waɗanda ba su sami zuwa ba kuwa, ga yadda abin yake a taƙaice. Kwamfutoci goma sha biyu ne a ɗakin, dukkansu na hannu, da kuɗin karo-karo aka sayo su shekarun baya. Yau uku ne kawai ke tashi, cikin ukun ma ɗaya sai an lallashe ta kamar tsohon jaki. Kwamitin ilmi ya kawo shawarar a sake su, kowa ya ce madalla. Da aka zo kan tambayar wace iri za a saya, to nan fa ake yin ta. Manyanmu 'yan kasuwa suka ce a koma Ikeja a kwaso irin na da, tun da kuɗin sabuwa guda zai sayi tsofaffi da dama. Samari suka ce an wuce wannan zamani, a sayo 'yan ƙananan nan masu kama da allo waɗanda ake shafawa da yatsa. Wani dattijo ya miƙe daga can baya ya ce shi a ganinsa a bar zancen na'ura tukuna, a gyara rufin aji uku da ke yoyo. Aka yi masa dariya. Mu dai ba mu yi ba, kuma in mai karatu ya biyo mu zai ga dalili.

Kuɗin nan da ake gardama a kansa ba daga sama ya faɗo ba. Gumin direbobin tirela ne masu kwana a layin shiga Apapa, da na mahauta, da 'yan goro, da masu gadi, da iyayenmu mata masu tuwon sayarwa. In aka zubar da shi a banza, Allah kaɗai Ya san ranar da za a sake tara irinsa. Shi ya sa mu da aka ɗora wa wannan shafi muka ga ya dace mu ɗan waiwaya, domin kuwa gardamar nan tamu an riga an yi ta a ƙasar nan. Gwamnatoci da manyan kamfanonin duniya ne suka yi ta, da miliyoyin daloli, kuma wani ɓangarenta a ƙofar gidanmu aka yi shi, wato a tashar jiragen ruwa da kuma kotun tarayya ta Ikko.

Mu ba baƙi ba ne a garin nan, kowa ya sani. Tun a 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara wasu Hausawa 'yan kaɗan a Ikko ya kafa rundunar da daga gare ta sojan Nijeriya ya samo asali. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 kuwa, sai hanya ta buɗe, shanu suna gangarowa, goro yana haurawa, Zangon Agege ya cika ya batse, tashar Iddo da ke maƙwabtaka da mu ta zama ƙofar shigowar duk ɗan Arewa da ya zo neman abinci a Kurmi. Duk inda kakanninmu suka sauka, abu biyu suke fara kafawa, masallaci da makarantar allo. Kayan aikin wannan makaranta kuwa ba su da wuyar sha'ani. Allo in ya tsage kafinta na nan kusa, tawada in ta ƙare a dafa wata, alƙalami in ya dakushe almajiri da kansa zai fiƙe shi. Ba mu kawo wannan don mu ce a koma jiya ba. Mun kawo shi ne don a lura cewa duk abin da malam yake koyarwa da shi, akwai mai gyaransa a cikin unguwa.

Boko ya daɗe bai shiga gidajenmu na nan sosai ba. Sai da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, sannan Alhaji Lateef Jakande ya hau gwamnan Jihar Legas a 1979 ya gina azuzuwa bila adadin, ya kashe tsarin nan na 'yan safe da 'yan rana, sannan da yawa daga cikinmu muka ga cikin aji. Masu sukar Jakande a lokacin sun ce azuzuwan nasa kamar akurkin kaji suke. To, a akurkin nan wasunmu suka koyi a, ba, ca. Allon bango ne da alli, sai littafi ɗaya yara uku.

Maganar na'ura mai ƙwaƙwalwa a makarantun Nijeriya ta fara fitowa a takarda ne a 1988, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilmi, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta fito da manufarta a kan ilmin kwamfuta. Kwalejojin tarayya aka fara kai wa. Firamare irin tamu ko ƙanshinta ba ta ji ba, ga shi kuma lokacin tsuke bakin aljihu ne na SAP, darajar Naira tana ta zubewa. Sai bayan shekara ashirin, a 2008, darasin kwamfuta ya shiga sabuwar manhajar karatun shekara tara ta matakin farko. Abin da ya biyo baya duk mun gan shi da idonmu: malami ya zana kwamfuta a allo da alli, ya sa kibiya, ga fuska, ga madannai, ga linzami, yara su haddace, su ci jarrabawa, ba su taɓa taɓa ta ba.

Tokumbo

A tsakanin waɗannan shekaru ne kasuwa ta yi abin da gwamnati ta kasa. Titin Otigba da ke Ikeja, wanda a da unguwar zama ce da ofisoshi, ya fara cika da masu sayar da kwamfuta da masu gyara a shekarun 1990, da wayar salula ta zo a 2001 kuma sai wurin ya tumbatsa ya zama abin da ake kira Computer Village. A 2001 ɗin ne aka kafa hukumar NITDA, a shekarar kuma kamfanin Zinox na Leo Stan Ekeh ya fito da kwamfutar da aka harhaɗa a gida. Amma talaka ba ta ita yake yi ba. Tasa ita ce tokumbo, wadda wani ofishi a Turai ko Amurka ya gama cin moriyarta aka loda ta a kwantena. Kuma kwantenar nan, malam, ta hancinmu take wucewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Ijora ya ga jerin motocin da ke fitowa daga Apapa da Tin Can, ya ga hanyar da kwamfutocin makarantarmu suka biyo.

A watan Oktoba 2005 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoto bayan ta turo mutanenta Ikko. Ta ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa kowane wata, abin da ya kai wajen kwamfuta 400,000, kuma su kansu dillalan Ikeja sun gaya mata cewa abin da ya kai kashi 75 cikin ɗari na wasu kayan tarkace ne da ba ya gyaruwa. Wato dai ana turo mana shara ne da sunan taimakon ilmi. Ba wannan ne karon farko ba, don waɗanda suka manyanta za su tuna da gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988. An kafa hukumar NESREA a 2007, an yi dokoki, abin ya ɗan ragu amma bai tsaya ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu a ciki ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na irin waɗannan kaya a shekara, mafi yawansu a cushe cikin motocin tokumbo, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki.

To ina matattun suke zuwa? Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, kuma ba mu cika son faɗa ba. Je ka jujin Olusosun a Ojota, ko bayan kasuwar Alaba, ka saurari harshen da masu fasa su suke yi. Yaranmu ne. 'Yan jari-bola da suka zo ci-rani daga Kano da Katsina da Zamfara da Maraɗi, su ne ke farfasa tsohuwar fuskar kwamfuta mai ɗauke da dalma, su ne ke ƙona waya don su ciri tagulla, suna shaƙar hayaƙin. Ɗan Arewa a Ikko ya riga ya san cikin kwamfuta da guduma kafin ya san ta da yatsa.

Kada a ce muna kushe tokumbo ne gaba ɗaya. A'a. Ba don ita ba, da ba mu ga kwamfuta a makarantarmu ba har yau, kuma sha biyun nan sun yi mana aiki gwargwadon ƙarfinsu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ranar da aka sayo su ba mu kunna ko ɗaya a gaban mai shagon ba. Ya rantse, muka yarda, aka loda a mota. Da aka iso gida biyu ba su taɓa tashi ba, muka koma, ya ce kayan da ya fita ya fita.

Kwamfutar dala ɗari

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na 2005 zuwa 2008, kuma a kansa za mu ɗan daɗe. A watan Janairu 2005 wani shehin malami na jami'ar MIT a Amurka, Nicholas Negroponte, ya shelanta a taron Davos cewa zai ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100 domin yaran ƙasashe matalauta, kowane yaro da tasa. A watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a Tunis, Kofi Annan yana wurin. Tana da wani mariƙi a gefe da ake juyawa don a ba ta wuta, kamar injin markaɗe, saboda ƙauyukan da ba lantarki. An ba da labarin cewa a wurin nunin ma mariƙin ya ɓalle a hannun Kofi Annan, daga baya kuma aka cire shi daga jikin na'urar ɗungurungum. Shugaba Obasanjo yana cikin shugabannin farko da suka nuna sha'awa, har ana maganar Nijeriya za ta ɗauki miliyan guda.

A 2007 aka kai gwaji makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, aka raba wa yara wajen guda 300. 'Yar ƙarama ce, kore da fari kamar tutar ƙasa, sunanta XO, an yi ta da ƙwari don ta jure ƙura da faɗuwa. Yara suka yi murna, 'yan jarida suka yi ta zuwa daga ƙasashen waje. Ba a jima ba sai matsaloli suka fara leƙowa. Wuta dai babu ita a tsaye, sai an tada janareto. Kuɗin intanet ta tauraron ɗan'adam ya fi ƙarfin makarantar. Wasu na'urorin suka lalace, wasu suka ɓace. A watan Yuli 2007 kuma Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya ya ba da rahoton cewa an sami yara suna kallon hotunan batsa a cikinsu, sai a lokacin aka tashi neman yadda za a toshe. Iyaye, a riƙe wannan. Farashin ma bai tsaya a dala ɗarin ba, da aka fara ƙera ta da yawa sai da ta kai wajen dala 188. Abu ɗaya mai daɗin ji da ya fito daga Galadima shi ne wasu daga cikin yaran sun koyi kwance ta da gyara ta da kansu.

Ana cikin haka mulki ya canja hannu, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau a watan Mayu 2007. Ministan ilminsa, Igwe Aja-Nwachukwu, ya gaya wa BBC a ƙarshen shekarar cewa bai ga hikimar raba wa yara kwamfuta ba alhali ba su da kujerar zama, ba su da kayan makaranta. Mutane da yawa a waje suka ce mutumin bai waye ba. To ga shi yau, bayan shekaru, dattijonmu mai maganar rufin aji uku ya maimaita zancen ministan ba tare da ya taɓa jin sunansa ba. Miliyan ɗin nan dai ba a saye ta ba.

Daɗin daɗawa, ba Negroponte kaɗai ke zawarcin yaran Nijeriya ba. Kamfanin Intel, wanda shugabansa ya taɓa yi wa XO ba'a, ya fito da tasa mai suna Classmate, ya kai gwajinta ƙaramar sakandaren gwamnati ta Jabi a Abuja. Aka shirya sayen guda 17,000 domin makarantu, akasarin kuɗin daga asusun USPF na hukumar sadarwa. Sai rigima ta koma kan manhajar da za a zuba a ciki. Wani kamfanin Faransa, Mandriva, shi ya ci cinikin da manhajarsa ta Linux, kwatsam sai aka ji wai za a goge ta a sa Windows. Shugaban Mandriva ya fusata ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa a ƙarshen Oktoba 2007, duniya ta ɗauka, daga baya asusun ya ce shi dai yana nan a kan Linux. A watan Janairu 2008 Intel ya fice daga ƙungiyar Negroponte bayan 'yan watanni da shigarsa. Giwaye suna ta kokawa, a duk cikin hayaniyar nan da wuya ka ji an ambaci malamin aji, wanda shi ne zai tsaya gaban yara da na'urar ranar Litinin da safe.

Sai kuma shari'ar Ikko, wadda ita ce ta fi ba mu sha'awa, don a kan haruffanmu aka yi ta. Wani ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, Ade Oyegbola, yana da kamfani mai suna Lagos Analysis Corporation, ko LANCOR, wanda ya ƙera madannai da ake kira Konyin domin rubuta harsunan Nijeriya, da ɗige-ɗigen Yarbanci da Ibo da lanƙwasar Hausa. A watan Nuwamba 2007 ya kai ƙarar masu XO a Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko, ya ce sun sayi madannansa sun kwaikwayi fasaharsa, ya nemi diyyar dala miliyan 20. Su kuma suka musanta. Kotu ta ba da umurnin a dakatar da raba na'urar a Nijeriya na wani lokaci. Mu ba alƙalai ba ne, ba za mu ce ga mai gaskiya ba. Abin da ya dame mu shi ne, ashe har mutane sun kai juna kotu a kan ƙ da ɗ da ɓ, mu masu abin kuwa ko a taronmu na watan jiya ba wanda ya tada maganar.

Haruffan nan masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko ne tun shekarun 1930, zamanin Dokta East a Zariya, da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Amma tafireta ta ofis ba ta san da su ba. Tsofaffin sakatarorin ƙungiyar nan za su ba ka labarin yadda suke bin takarda da biro bayan an buga, suna lanƙwasa kan kowace k da d da b, in an manta kuwa sai katin gayyata ya fita yana yi wa "manyan baki" maraba. A nan Ikko abin ya fi muhimmanci fiye da a gida. Yaranmu da Turanci ake koya musu, tun 2018 kuma dokar jiha ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, wanda ba laifi ba ne, garinsu ne, kuma yaranmu suna jin sa kamar ruwa. Amma rubutun Hausa in ba a makarantarmu ba, ba inda za su gan shi. Alhamdu lillahi yanzu ba sai an je kotu ba, domin Windows da Linux duk suna da tsarin madannai na Hausa, sai dai sai an kunna shi. Sha biyun da muke da su ba a taɓa kunna musu ba, shekara da shekaru, don ba wanda ya san da shi.

Ƙasashen da suka sayi XO da gaske su ma sun bar mana abin dubawa. Peru ta sayi sama da 800,000 ta watsa a ƙauyuka. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantu 319, ya ce yara sun iya sarrafa na'urar, an kuma ga ɗan ci gaba a kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba abin da ya ƙaru. Uruguay kuwa, wadda ta fara nata shirin a 2007 ta gama raba wa duk 'yan firamaren gwamnati a 2009, ta haɗa da intanet a makarantu, da wuraren gyara, da horar da malamai, shirin nata ya ɗore. Na'urar iri ɗaya ce a ƙasashen biyu.

A gida ma an ci gaba da gwadawa. Jihar Osun ta raba wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare allon zamani mai suna Opon Imo a 2013. Jihar Legas kuma, da ta fara shirin EKO EXCEL daga ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, malaman firamare ta ba na'urar a hannu, ba yara ba. Ko mutum ya yarda da shirin ko bai yarda ba, ya ga alamar an koyi wani abu daga Galadima.

Inda muka tsaya

Kada wani ya ɗauka cewa muna goyon bayan a rufe ɗakin kwamfuta ne. Ina! Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta daina ta takarda gaba ɗaya. Mun san 'ya'yan ƙungiyar nan masu ƙoƙari da suka shiga ɗakin jarrabawa hannunsu na rawa, ba don ba su yi karatu ba, sai don ranar ce rana ta farko da suka zauna gaban na'ura. Yaron da ke aji huɗu yau, nan da 'yan shekaru shi ma zai shiga ɗakin nan. Ba za mu tura shi da zanen alli ba.

Amma a ganinmu kwamiti ya fara lissafi ta wutsiya. Abin da ya kashe tara daga cikin sha biyun nan ba tsufa kaɗai ba ne. Wuta ce, a kawo ta da ƙarfi a ɗauke ba sallama, sai danshi da iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe, sai kuma ruwan da ke shigowa ɗakin duk damina. Abin dariya abin takaici, Ijora ce ta haska Ikko shekara da shekaru. A nan aka buɗe tashar lantarki a 1923, tana cin gawayin da ake kawowa daga Inugu. Tashar ta daɗe da yin shiru, NEPA ta zo a 1972 ta tafi, PHCN ta zo ta tafi, an sayar wa 'yan kasuwa a 2013, mu dai muna nan da janareto. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 kuwa, hedimasta sai ya yi tunani sau biyu kafin ya ce a tada shi saboda darasin minti arba'in. Saboda haka in kuɗin da ke hannu zai sayi ashirin, mu a ba mu goma, a sa ragowar a faifan sola da batir da rufi mai kyau. Dattijo ya yi gaskiya.

Allon shafawa da samarinmu ke so yana da kyau a ido, ba ya cin wuta, yara kuma suna saurin sabawa da shi. Sai dai yawancinsu sun riga sun saba da irinsa a wayar iyayensu. Abin da ba su iya ba shi ne zama su buga shafi guda da yatsu goma. Ga shi in ya faɗi gilashin ya tafi, ga sauƙin shiga aljihu. Mu mun fi karkata ga kwamfutar ofis ta hannu mai ɗan sauran ƙarfi, irin wadda kowane yaron shago a Otigba zai buɗe ya canja mata abin da ya mutu. Amma a nan ma akwai tarko. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, ta daina da Windows 7 a 2020, ta kuma sallami Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 ba ta hawa kan tsofaffin injuna da yawa. Duk lokacin da aka yi haka ofisoshin Turai sukan share ɗakunansu, mu kuma mun san tashar da kayan ke sauka. Za a ga araha, kuma arahar ba ta banza ba ce. Ko dai a sayi wadda za ta ɗauki sabuwar manhajar, ko a yanke shawara tun yanzu cewa Linux za a zuba, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, in har akwai malamin da ya iya ta.

Malamin nan kuwa shi ne abin da ba mu ji an sa a takardar kasafi ba. Wanda ya fara riƙe mana ɗakin yaro ne mai hazaƙa, muna biyansa abin da bai kai ya kawo ba, da ya sami aiki a wani kamfani ya tafi, ba wanda ya ga laifinsa. Bayansa ɗakin ya fi shekara a kulle, ɓeraye suna cin waya. Muna roƙon kwamiti ya ware albashin shekara biyu na malami kafin a taɓa ko sisi a Ikeja, kuma a tura shi tare da masu sayayya. Kowace na'ura a kunna ta a gabansa, a bar ta ta yi awa guda tana aiki, ya buɗe shafi ya buga "ƙofar ɗakin ɓaure" ya ga haruffan sun fito daidai. A rubuta yarjejeniya da mai shagon cewa wadda ta mutu cikin wata uku zai canja ta, ya sa hannu, shaidu su sa. In ya ƙi, shaguna sun yi yawa a titin.

Saura matattun tara da ke jibge a sito. Makon jiya wani yaro ɗan jari-bola ya leƙo da kurarsa ya taya su, ya ce da kilo zai saya. Muka tambaye shi daga ina, ya ce daga wajen Ƙaura Namoda, shekararsa biyu a Ikko. Maigadi ya so ya sallama masa, hedimasta ya ce a dakata sai kwamiti ya zauna, don akwai kamfanonin da hukuma ta yi wa rajista masu karɓar irin waɗannan kaya ba tare da an ƙona su ba, ko da yake abin da za su bayar ba lalle ya kai na yaron ba. Wannan ma yana cikin abin da za a tattauna.

Taro na gaba ranar Lahadin ƙarshen wata ne bayan la'asar, a harabar makaranta. Ma'aji zai zo da littafin asusu, an kuma nemi mai gyaran rufi ya kawo nasa lissafin. Ana roƙon iyaye mata su ma su halarta, an tanadi wurin zamansu.